Ran da ƴan Rasha suka ce a'a kan fansho

Ƴan uwa, in ana hirar Rasha a fada ko a tasha, tankokin yaƙi da Putin kawai ake ambata. Shi kuwa talakan Rasha, tsadar kaya da tsufa ne ke hana shi barci.

Ranar 14 ga Yuni 2018, daidai ran da aka buɗe gasar cin kofin duniya a Mosko, gwamnati ta ce za ta ɗaga shekarun ritaya: maza daga 60 zuwa 65, mata daga 55 zuwa 63. Binciken cibiyar Levada ya nuna kusan mutum 9 cikin 10 ba su yarda ba. Dalili a fili yake: matsakaicin tsawon rayuwar namiji bai kai 70 ba. Farin jinin Putin ya faɗo daga wajen kashi 80 zuwa ƙasa da 70. A watan Agusta ya fito talabijin, ya sassauta wa mata zuwa 60.

Ni a ganina, da ba a auna ra'ayin jama'a ba, da wannan sassaucin ma ba a samu ba. Amma Levadar tun 2016 aka liƙa mata sunan wakiliyar ƙasashen waje. To, in an toshe bakin mai aunawa, wa zai faɗa wa mai mulki gaskiya?