Manhajar kwantar da hankali ba za ta warkar da masu tace Facebook ba

Duk lokacin da aka koka cewa aiki na cinye ma'aikatan kamfanonin fasaha, maganin da ake miƙa musu kusan iri ɗaya ne: a sauke musu manhajar koyon numfashi a waya, a ware ɗan ɗaki mai kujeru masu laushi, a ce su huta na 'yan mintuna su koma bakin aiki. Wannan magani ya ɗauka cewa ciwon yana cikin kan ma'aikaci shi kaɗai. Binciken da masana halayyar ɗan Adam suka shafe shekara 50 suna yi bai goyi bayan haka ba.

Tun a 1974 Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kan gajiyar da ke lanƙwasa masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta da ke New York. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da ma'aunin da har gobe ake auna wannan gajiya da shi, mai sassa uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, jin cewa aikin ba ya tsinana komai, da bushewar zuciya. Na ukun ya fi ban tsoro, domin a nan ne ma'aikaci ke daina kallon mutanen da yake wa hidima a matsayin mutane. Majinyaci ya koma lambar gado, ɗalibi ya koma suna a rajista. Ba mugunta ba ce, garkuwa ce da zuciya ke ɗauka idan abu ya fi ƙarfinta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan gajiya a kundinta, ta kuma bayyana ƙarara cewa daga matsin wurin aiki take tasowa.

A duniyar fasaha babu inda wannan ya fito fili kamar wajen masu tace abubuwan da ake wallafawa. A Nairobi, kamfanin Sama ya ɗebo matasa daga ƙasashen Afirka daban-daban don su riƙa duba wa Facebook hotuna da bidiyo a harsunan nahiyar, har da Hausa. Wato bidiyon kisa ko cin zarafin da bai iso wayar mai karatu a Kano ko Maraɗi ba, wani ne ya kalle shi tukuna. Mujallar TIME ta ruwaito a 2022 cewa wasunsu na karɓar abin da bai wuce dala ɗaya da rabi ba a awa, kuma ana sa ran su yanke hukunci a kan kowane abu cikin kimanin daƙiƙa 50. Wanda aka ba daƙiƙa 50 ya kalli gawar wani ya wuce zuwa na gaba, ai tsarin aikin ne da kansa ke koya masa bushewar zuciya.

Akwai wani abin lura. Kalmar Turancin da Maslach ta yi amfani da ita wajen bushewar zuciya, ita ce kuma John Turner ya ɗauka da wata ma'ana daban. Shi da Henri Tajfel ne suka kafa nazarin yadda mutum ke sanin kansa ta hanyar ƙungiyar da yake ciki. A wajen Turner, kalmar na nufin lokacin da mutum ya tashi daga "ni" ya koma "mu". Kuma bincike ya nuna wannan "mu" ɗin na daga cikin abin da ke kare ma'aikaci daga waccan gajiyar.

Alex Haslam da Stephen Reicher sun gwada haka a wani kurkukun gwaji da BBC ta nuna a 2002. An raba maza 15 gida biyu, gandirobobi da fursunoni. Gandirobobin ne ke da mukulli, da abinci mai kyau, da wurin kwana mai daɗi, amma sun kasa haɗa kai, kowa na zargin ɗan'uwansa. Su ne suka fi nuna alamun gajiyar aiki. Fursunonin da suka ɗauki kansu abu ɗaya suka riƙa tallafa wa juna, suka fi jure wahalar. Gwaji ne ƙarami na kwana takwas, ba a gina doka a kansa, amma nazarce-nazarcen da aka yi daga baya a wuraren aiki na gaske sun karkata wajen guda.

To, a dubi yadda aka tsara aikin tacewa. Mai tacewa yana yi wa Facebook aiki, amma ba ma'aikacin Meta ba ne, na ɗan kwangila ne. Ya sa hannu a takardar rufe baki, don haka ko iyalinsa ba zai faɗa wa abin da ya gani ba. A lokacin da Sama ke wannan aiki, da yawa baƙi ne a Kenya, izinin zamansu na rataye da aikin. Kwamfuta na ƙirga saurin kowa da daidaiton hukuncinsa shi kaɗai. Da gangan ko ba da gangan ba, an tsinke duk wata igiya da za ta ɗaure su wuri guda, sannan aka ce su je su ja numfashi.

Kada a fahimci wannan da irin "mu dangi ɗaya ne" da manajoji ke so, da rigunan kamfani da liyafar ƙarshen shekara. Ma'aikacin da ya narke cikin kamfani na iya kashe kansa da aiki don kada ya ba da kunya. Haɗin kan da ke amfani shi ne wanda zai sa mutum ya ce bidiyon yau ya hana shi barci, na kusa da shi ya ce shi ma haka, su tashi tare su nemi a rage sa'o'i.

Abin da Daniel Motaung, ɗan Afirka ta Kudu, ya ce ya yi ƙoƙarin yi ke nan a 2019 kafin a sallame shi, kodayake Sama ya musanta cewa yunƙurin kafa ƙungiya ne dalili. A ranar 1 ga Mayun 2023, masu tacewa sama da 150 suka taru a Nairobi suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago. A Satumban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Kenya ta ce ana iya gurfanar da Meta a ƙasar, duk da hujjarsa cewa ba shi ya ɗauke su aiki ba. A ƙarshen wannan shekarar kuma, takardun da aka miƙa wa kotu suka nuna cewa likita ya samu sama da 140 daga cikinsu da ciwon firgici mai biyo bayan tashin hankali, wanda ya ma zarce gajiyar aiki.