Motar Zango a Gefen Dogo

Duk wanda ya ga dattijo a Ingila ko Jamus ya duƙufa yana jera 'yan motocin ƙarfe a gefen layin dogo na wasa, yana iya zaton tsufa ne ya mayar da shi yaro. Ba haka al'amarin yake ba. Tun asali jirgin ne ya haifi motar, domin kamfanin Meccano ya fito da Dinky Toys a 1934 ne don ƙawata tashoshin jiragensa na Hornby.

Daga cikin waɗannan motoci, ɗaya daga cikin masu farin jini ita ce motar zango ta Volkswagen, wato mai gado da murhu da teburi a ciki. An fara ƙera uwar motar a Wolfsburg a 1950, kamfanin Westfalia ya soma mayar da ita ɗakin kwana a 1951, ba a kuma daina ƙera ta a Brazil ba sai 2013. 'Yar'uwarta ce ta daɗe tana jigilar fasinja a Legas da sunan danfo.

Inda gizo ke saƙar shi ne ma'auni. Jiragen wasa na Ingila galibi 1:76 ne, na Jamus da Amurka kuwa 1:87. Motar da tsawonta ya ɗan haura mita 4 takan koma kamar santimita 5.6 a na farko, 4.9 a na biyu. Bambancin kamar ba komai ba, amma da zarar an ajiye ta kusa da tarago, ido sai ya ƙi. Haka kuma zamani. Mai gilashin gaba rabe biyu ta ƙare a Jamus a 1967, saboda haka wanda ya gina tashar 1960 ya dasa mata mota mai gilashi ɗaya ya yi wa tarihi ƙarya, ko da fentinta na ɗaukar ido. Mai wannan sha'awa dole ya yi lissafi, ya yi bincike, abin da ɗalibai da yawa ke gudu.

Sai dai akwai waɗanda suka karkatar da abin. Sukan sayi mota su bar ta cikin kwalinta, ba a taɓa ba a buɗe, suna jiran tsada. Hujjarsu ita ce kwali na kare fenti, kuma gaskiya ne yana karewa. Amma ba ya kare komai daga ciwon da ke cikin ƙarfen kansa: tsofaffin motocin da aka zuba da tutiya mai gaurayen darma sukan kumbura su tsattsage, a kwali suke ko a waje. Motar zango kuwa don tafiya da yada zango aka yi ta. Wurinta shi ne bakin mararrabar dogo, rufinta a ɗage, 'yan mutane na zaune a gefenta suna jiran jirgi ya wuce.