A Nemi Aikin Malami Kafin a Biya Kuɗin Kwas

Wanda duk ya saba zirga-zirga tsakanin Gamboru da Kwastan a birnin Maiduguri, in dai yakan ɗaga kai ya dubi allunan da ake kafawa bisa ƙofofin shaguna, ba zai rasa lura da yadda wuraren koyon kwamfuta suka yawaita ba, kuma cikin abin da suke shelar koyarwa har da ƙirar shafukan intanet, wadda wasu ke alkawarin sanar da yaro ita cikin 'yan makonni, a miƙa masa satifiket mai ado ya koma gida. Iyaye kuwa, da yake sun ga shekarun fitina sun cinye wa 'ya'yansu lokacin karatu, sun kuma ga masu digiri zaune a majalisa ba aikin fari balle na baƙi, ba abin zargi ba ne in sun kwance abin da suka ƙulla a bakin zane suka biya. Abin da nake ji wa tsoro shi ne a biya ba tare da tahƙiƙi ba.

Mutumin Barno bai kamata a koya masa yadda ake auna malami ba, gama ƙasar nan tun zamanin sarakunan Saifawa ta shahara da Alƙur'ani, har almajirai daga Kano da Katsina da Damagaram suka riƙa yin gabas dominsa. A tsangaya ba a kiran mutum Goni saboda wata takarda da ya rataya a bango. Sai an san a gaban wa ya durƙusa, an ji tilawarsa, an ga abin da hannunsa ya rubuta da ka, masana sun bi shi harafi harafi. Wannan mizanin shi nake so a ɗauko a aza wa mai koyar da ƙirar shafuka, domin sana'arsa tana cikin 'yan ƙalilan ɗin da ba su da maɓoya. Uba ya ce masa, "Malam, ba ni adireshin shafuka uku da ka gina." Sa'an nan ya sa yaron ya buɗe su nan take a wayarsa, da datarsa, a ga ko suna buɗewa da sauri, ko rubutun ya zauna daidai da faɗin wayar, ko akwai lambar mai shafin da za a kira a tambaye shi yadda suka rabu. In malamin ya shiga kame-kame, ya ce ayyukansa na sirri ne, ko ya juyo kwamfutarsa yana nuna hotuna, to, hujja ta tsayu, sai a yi masa sallama cikin mutunci.

Bayan malami sai manhajar karatu. Tun da Tim Berners-Lee, Bature mutumin Ingila, ya gabatar da shawararsa ta tsarin shafukan intanet a cibiyar CERN kusa da Janeba a 1989, shafin farko kuma ya bayyana ga jama'a a 1991, abubuwa da yawa sun zo sun wuce, amma farillan sana'ar uku ne har yau: HTML, wanda da shi ake jera abin da shafi ya ƙunsa, CSS, wanda ke hukunta launi da tazara da yadda shafi zai miƙe a babban allo ya takure a ƙarami, da JavaScript, wanda ke sa shafi ya amsa in an taɓa shi. Kwas ɗin da ya tsallake waɗannan ya zarce da ɗalibi kan WordPress, yana nuna masa yadda zai ɗauko shiryayyen zubi ya sauya hoto da suna, bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, don WordPress, wanda ya fito a 2003, yana ɗauke da kaso mai tsoka na shafukan duniya, kuma ana cin abinci da shi. Illa dai ranar da wani abu ya karye a ciki, wanda bai san asalin rubutun ba zai tsaya yana kallon allo, mai shafi yana kiransa a waya yana ƙin ɗauka. Balle kuma tun ƙarshen 2022, da ChatGPT da ire-irensa suka bazu, irin wannan aiki na sama-sama ya yi araha ƙwarai, abin da ya rage da daraja shi ne mutumin da zai karanta abin da na'urar ta rubuta ya gane inda ta yi kure.

Akwai kuma sharaɗin da mutumin Legas zai iya yi wa riƙon sakainar kashi, mu kuwa ba mu da wannan dama, wato wuta. Ba wanda ya manta yadda aka karya turakun babban layin da ke zuwa daga Damaturu a farkon 2021, gari ya daɗe cikin duhu, har aka buɗe tashar gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023. Saboda haka wajibi ne mai neman kwas ya je wurin da kansa, ba da sanarwa ba, da tsakar rana sa'ad da zafi ya kai maƙura, ya ga ko akwai sola ko janareto mai aiki, ya ƙirga kwamfutocin da ke kunne, ya ƙirga kawunan da ke gabansu. In ya tarar da yara huɗu sun yi cincirindo a kan na'ura ɗaya, ɗaya na dannawa uku na leƙe, malami kuma na rubuta darasi a allo ana kwafa a littafi, to ya sani ukun nan kuɗin kallo suka biya. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 ita ma ta bar darasi ga masu wannan sana'a: a tambaya ko ana koya wa ɗalibi ajiye kwafin aikinsa a wani wuri dabam da na'urarsa, da yadda ake sayen sunan shafi mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, da yadda ake kama masa masauki a ɗora shi duniya ta gani.

Wani abin da ba kasafai ake ambata ba shi ne su wa za a yi wa aikin. Mai sayar da turaren wuta, da mai hulunan Zanna Bukar, da dillalin busasshen kifi na hanyar Baga, galibinsu WhatsApp da Instagram sun ishe su, kuma gaskiya ce mai ɗaci cewa ba kowannensu zai biya kuɗin shafi ba. Masu biya su ne makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci da otal-otal da ƙungiyoyin agaji, sai kuma na nesa da ake yi wa aiki ta intanet, waɗanda ba a samunsu sai da Turanci mai kyau da cika alkawari. A nan kuwa ɗan Gamboru yana da wata fa'ida da ta keɓanta da shi, in ya dace da malamin da ya farga da ita: shafin da zai nuna ƙ da ɗ da ɓ na Hausa da ǝ ta Barbarci ba tare da sun rikiɗe sun zama akwatuna ba, ya kuma tafiyar da Larabci daga dama zuwa hagu, ba kowane gwani na Kudu ne ya taɓa damuwa da shi ba.

Ban ce satifiket ba shi da amfani ba. Wanda burinsa aikin gwamnati, ya nemi Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Fasaha ta Ramat, inda takarda take da nauyi a gaban hukuma, ya haɗa da koyon aikin hannu a gefe. Wanda kuwa aljihunsa bai kai ba, akwai shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, wanda ba a biyan kuɗin karatunsa, akwai kuma darussan freeCodeCamp da ke intanet kyauta, waɗanda yaro zai iya jarraba kansa da su wata guda a ga ko zuciyarsa na ciki, tun kafin a kashe ko kwabo.

Roƙona ga iyaye da yayye a Gamboru shi ne kada su biya kuɗin kwas dunƙule guda. A raba shi kashi-kashi, a kuma ƙulla sharaɗi da mai makaranta tun ranar farko, a gaban shaidu, cewa kashin ƙarshe ba zai fita ba sai yaron ya kawo adireshin shafin da ya gina da hannunsa, an buɗe shi a wayar babansa.