Makaranta Ba Gadon Gida Ba Ce

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san yadda makarantunmu suka faro: malami ɗaya a zaurensa, shi ne shugaba, shi ne ma'aji. Idan ya rasu sai ɗa ya gada, ko ya iya riƙo ko bai iya ba. Wasu makarantun a nan suka watse.

A shekarar 1987 gwamnatin Gana ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi. Makarantun da suka shiga sun samu hedimasta da malaman boko masu albashin gwamnati, amma maganar magajin mai makaranta tana nan.

Mu ɗauki darasi daga Kano. Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama jami'a a 1977, Dakta Mahmud Tukur na shugabanta. Bayansa shugabanni sun zo sun tafi, makaranta na nan daram.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwarmu na Aflao da Paga masu aiko da gudummawa: kafin ku ba da sidi ɗaya, ku tambaya, akwai kwamiti? Wa ke duba lissafi? Wa zai hau kujera gobe?