Iya Ruwa Fidda Kai: Kafin Ka Zaɓa wa Iyalinka Tsibirin Hutu

Idan kana cikin masu leƙa TikTok da Instagram, na san ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan: miji da mata da yaransu sanye da baƙaƙen kayan roba, kowa da tukunyar iska goye a baya, suna shawagi a ƙarƙashin teku, kifaye kala-kala na giftawa ta gabansu. A ƙasa an rubuta Zanzibar ko Maldives. Ko a nan Ribah, inda yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ido da ido ba, maganar ta shigo majalisa. Wani ya ce almubazzaranci ne kawai, wani ya ce wallahi in Allah ya hore masa gobe zai kwashi iyalinsa. A cikin 'yan'uwanmu da ke aiki a Abuja da Legas da ƙasashen waje kuwa, akwai waɗanda da gaske suke tambaya: wane tsibiri ya fi dacewa mutum ya kai iyalinsa su huta, su kuma koyi nutso?

Tambayar tana da amsa, kuma za mu zo kanta. Amma akwai wata da ta riga ta, wadda ta shafi mai kuɗin zuwa da wanda ko kuɗin motar Zuru sai ya yi lissafi: a gidanku, mutum nawa ne suka iya ninkaya?

Dalilin tambayar shi ne, makarantar nutso ta kirki ba ta ba ka takardar shaida sai ta gwada ka. Ƙungiyar PADI, wadda takardarta ta fi yaɗuwa a duniya, ta shar'anta cewa mai neman matakin farko ya yi iyo na mita 200 ba tare da tsayawa ba, sannan ya iya zama a saman ruwa na minti 10. Karatun kan ɗauki kwana uku zuwa huɗu: darasi, sai atisaye a ruwa marar zurfi, sai nutso huɗu a teku. Wanda ya ci, an yarje masa ya sauka zurfin mita 18. Yaro sai ya kai shekara 10 ake karɓarsa, kuma ɗan shekara 10 ko 11 ba ya wuce mita 12. 'Yan shekara 8 da 9 wasa kawai ake yi da su a ruwa marar zurfi. Ka ga ke nan idan 'ya'yanka duka ƙanana ne, ko uwargida ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, ka biya kuɗin karatu ne su kuma su yi zaman kallo a bakin teku.

Sai maganar lafiya, kuma a nan ina so ka natsu. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Shi ya sa dokar farko ita ce kada ka riƙe numfashi, ta biyu kuma kada ka taso da sauri, domin iskar da ta narke a jini tana iya yin kumfa ta toshe hanyoyinsa. Saboda haka ne ake cewa wanda ya yi nutso sau da yawa ya jira aƙalla awa 18 kafin ya hau jirgin sama. Mai juna biyu ba ta nutso. Mai farfaɗiya da mai asma da mai ciwon zuciya sai likita ya duba su. Wanda ya fi shafar mu shi ne sikila: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, kuma likitocin nutso suna hana mai cutar sikila shiga wannan harka. Idan akwai mai ita a gidanku, kada kunya ko ɗokin tafiya ya sa a ɓoye a takardar da makarantar za ta ba ku ku cike.

To, yanzu ga tsibiran. Zanzibar, da ke ƙasar Tanzaniya, ita ce ta fi shiga bakin mutanenmu. Mafi yawan mazaunanta Musulmi ne, abincin halal da masallaci ba abin nema ba ne, kuma wuraren nutso irin na kewayen Mnemba sun yi suna. Sai dai ɗan Najeriya ba ya karɓar bizar Tanzaniya a filin jirgi, dole ya nema tun daga gida ya jira amsa. Daga 1 ga Oktoba, 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 ga babban mutum. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi a can, ba lokacin da za ka kashe kuɗinka ba ne.

Maldives, can cikin Tekun Indiya, ƙasar Musulmi ce, tana ba baƙo izinin kwana 30 idan ya sauka. Tun 2009 aka yarda a buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi, abin da ya sa ba sai attajiri kaɗai ke iya zuwa ba. Matsalarta nisa da kuɗin jirgi. Cape Verde kuwa tamu ce ta Afirka ta Yamma, mamba a ECOWAS, kuma ana nutso a tsibirin Sal, amma Tekun Atlantika ya fi iska da sanyi, wanda ba kowane yaro ne zai jure ba. Seychelles ta taƙaita shigar masu fasfon Najeriya a 2023, don haka kada wani dillali ya karɓi kuɗinka kafin ka tabbatar da halin da ake ciki. Kada kuma ka manta da katin rigakafin cutar shawara, za a iya tambayarka a bakin shiga.

Ko wanne ka zaɓa, sunan tsibirin bai kai ingancin makarantar muhimmanci ba. Ka tambaya: ɗalibi nawa malami ɗaya ke ɗauka? Akwai malama mace, in iyalinka sun fi son haka? Suna da kayan da suka yi daidai da jikin yara? Akwai iskar taimakon gaggawa a cikin jirginsu? Ina ne asibiti mafi kusa mai ɗakin jinyar waɗanda suka taso da sauri? Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan, ka bar masa arharsa. Game da sutura kuwa, kayan nutso na rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai kuma masu hular kai.

Kuɗin fa duk da dala ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura naira 1,500. Tafiyar da a da ma'aikaci zai iya tara wa kuɗi a shekara biyu, yanzu ta koma kuɗin fili da gini. Wanda Allah ya ba shi, babu laifi ya huta da iyalinsa. Wanda zai ci bashi don ya ɗora hoto, ya sake tunani.

Yanzu bari mu dawo gida, domin a nan ne maganar ta fi ciwo. Jihar Kebbi jihar ruwa ce. Muna da Kogin Neja, muna da tafkin Kainji, muna da tsibiranmu da ake kira gungu, waɗanda daga gare su Gungawan ƙasar Yauri suka samo suna, kafin madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi dubban mutane daga matsugunansu. Muna da bikin Argungu da ya samo asali tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, inda ake gasar ninkaya da nutso da kamun kifi da hannu a Matan Fada. Muna da Rigata a Yauri. Wato gwanayen ruwa ba baƙi ba ne a wurinmu.

Duk da haka, ka tuna ranar 26 ga Mayu, 2021, lokacin da jirgin ruwa ɗauke da sama da mutum 150 ya kife a kusa da Wara cikin ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar aka yi na Bagwai a jihar Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki. A kowane lokaci labarin iri ɗaya ne: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, babu rigar ceto, fasinjojin da ba su iya iyo ba. Su wa ake kira su shiga nemo mutane? Masunta da Sarkawan yankin, da numfashinsu kawai, cikin ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Ka duba abin mamaki: horon da baƙo ke biya da dala don ya kalli kifi, tushensa ɗaya da horon da matashin Yauri ko Wara ke buƙata don ya ciro mutum da rai, shi ma ya fito lafiya. Gaskiya ne takardar kwana huɗu ba ta mai da mutum ma'aikacin ceto, nutso a kogi mai laka da igiyar ruwa aiki ne daban mai neman horo mai zurfi. Amma daga nan ake farawa. Da gwamnatin jiha da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa za su ɗauki 'ya'yan masunta, waɗanda suka tashi cikin ruwa, a ba su horo da kayan aiki da albashi, da an sami masu ceto a kowace babbar mashaya, an kuma buɗe wa wasunsu ƙofar aikin nutso a tashoshin jiragen ruwa da kamfanonin mai.

Kada ka ce mu 'yan tudu ina ruwanmu. Ɗan Ribah yana zuwa cin kasuwa da neman kuɗi a ƙasar Yauri da jihar Neja, yana hawa kwale-kwale. Da damina rafukanmu kan cika su tare hanya, yara kuma ba sa jin kira idan suka ga kududdufi. Matsalar tsaro ta sa mutane da yawa barin garuruwansu zuwa wuraren da ba su san ruwansu ba.

Don haka ga abin da ke hannunka. Idan kana da halin tafiya tsibiri, ka fara sa iyalinka koyon ninkaya wata uku ko huɗu kafin ka sayi tikiti, kowa ya ga likita, sannan ka zaɓi wuri gwargwadon mafi ƙanƙanta da mafi rauni a cikinku. Idan ba ka da hali, ka koyi iyo a hannun wanda ya iya, a ruwa mai tsabta marar zurfi, ba a kududdufin da ke sa tsargiya ba, kuma kada ka shiga kai kaɗai. Duk ranar da za ka hau jirgin ruwa ka nemi rigar ceto, in ka ga an cika lodi ka sauka ka jira na gaba, ko da za a yi maka dariya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yulin kowace shekara don yaƙi da mutuwa a ruwa. Ƙungiyoyin matasanmu na Danko/Wasagu da Zuru za su iya amfani da ranar su tambayi kansiloli da 'yan majalisarmu: masu nutso nawa jihar nan ta horar, kuma rigunan ceto nawa ne suka isa mashaya?

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya tsare mu da iyalanmu a tudu da cikin ruwa.