Taswirar Porto-Novo a Bayan Katin Shago

Duk mai shago a Porto-Novo ya san wahalar kwatance. Baƙo zai taso daga Kwatano da kuɗinsa, ya yi ta bulayi, ƙarshe ya saya a wurin wani.

Shawarata, a nemi taswirar da ake kira vekta. Layuka ne da ɗigo-ɗigo da kwamfuta ke zanawa, ko an faɗaɗa ta ta cika allon talla, ba ta yin dishi-dishi. Kyauta ake ɗaukowa a OpenStreetMap, sharaɗinsu kawai a rubuta sunansu a ƙasa. Yaro mai Inkscape sai ya share titunan da ba ruwanka da su, ya sa alamar shagonka.

Amma kada ya taɓa wuraren tarihi, don ɗan zemijan da su yake gane hanya. Ka ce masa Babban Masallaci mai fasalin ginin Barazil, ko Gidan Tarihin Honmè, fadar Sarki Toffa da ya rasu a 1908, nan take zai tayar da babur.

Ni dai nakan ce a bar waɗannan biyu da kasuwar Ouando, sai kibiya zuwa ƙofar shago. Allah Ya ba mu kasuwa.