Biro a Badaguishiri, biro a Sakkwato: wa ke yanke wa kalma ma'ana?

Ya ku ƴan uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, ƙara na kawo gabanku. A wani zaman gyaran takardun jarrabawa, na ga abokin aikina ya ja jan alƙalami a kan jimlar wata ɗaliba ƴar Badaguishiri da ta rubuta: "Babana yana aiki a biro." Ya zaftare mata maki 2. Da na nemi dalili, sai ya ce a Hausar ƙwarai biro abin rubutu ne, wurin aiki kuwa ofis ake ce masa.

To, mu bi salsalar wannan Hausar ƙwarai. Biron da ake rubutu da shi a Sakkwato da Kano sunan mutum ne, Laszlo Biro, ɗan ƙasar Hangari da ya yi rajistar wannan alƙalami a 1938. Ingilishi ya ari sunansa, Hausar Nijeriya ta ara daga Ingilishi. Ofis ma daga Ingilishi yake. Biron yarinyar kuwa daga Faransanci ya zo. Ashe laifinta guda ne: an haife ta a arewacin iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar Sakkwato.

Akwai wani rukuni kuma da ke cewa mun lalata kalmomin da muka aro, tun da mun juya musu ma'ana. Waɗannan ina gayyatar su zuwa Barazil, ƙasar da mutum fiye da miliyan 200 ke magana da harshen Fotugal. A can, kalmar "shopping", wadda a Ingilishi take nufin yin sayayya, ta zama sunan babban ginin da ke tattare da kantuna. "Outdoor", wadda ke nufin abin da yake a waje, ita ce allon talla na bakin hanya. "Smoking", shan taba ke nan a Ingilishi, amma a Barazil da Fotugal, kai har da Faransa, kwat ce ta zuwa liyafa. Baturen Ingila in ya ji, sai ya yi sororo. Duk da haka babu malamin da ke kayar da ɗalibi a Barazil don ya faɗi abin da dukan garinsu ke faɗi.

An kuwa gwada hanawa. A 1999 ɗan majalisa Aldo Rebelo ya gabatar da ƙudurin taƙaita baƙin kalmomi a Barazil, bayan Faransa ta kafa dokar Toubon a 1994. Ƙudurin ya tayar da ƙura tsakaninsa da masana harshe, bai kuma zama doka ba. Shi kansa Ingilishin maroƙi ne a ƙofar harshen Fotugal: ta nan ya samo sunan mangwaro da na kashu. Kashun da muke ci, sunansa ya taso daga harshen Tupi na Barazil, ya bi ta bakin mutanen Fotugal da Ingila kafin ya iso kasuwarmu.

Abin da Barazil ta yi, shi Bahaushe ya daɗe yana yi. Mota a asalinta inji ce, a wurinmu abin hawa ce dungurungum. Kanti ɗakin cin abinci ne a Ingilishi, a wurinmu shagon saye da sayarwa. Likita a Kano mutum ne. A Adar mace takan ce za ta kai ɗanta likita, tana nufin gidan maganin kansa. Abin da masana'antar Malbaza ke niƙawa, wani ya ce siminti, wani ya ce sima, ginin kuma ya tsaya. Littafi da alƙalami ma baƙi ne daga Larabci, sun zauna har an manta ranar saukarsu.

Ban ce kowane aro ado ne ba. Gaskiyar magabata ce, kayan aro ba ya rufe katara. Ma'aikacin da ke jera jimla guda ta Faransanci ya liƙa mata "ne" a ƙarshe, ragwanci yake yi, kuma wannan ya cancanci jan alƙalami. Amma kalmar da ta shiga bakin mai sayar da albasa a Galmi da dillalin shanu a kasuwar Badaguishiri, ta karɓi lafazinmu da jam'inmu, ta zama ƴar gida.

Maganar ta wuce maki 2. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, za a rubuta littattafai, a tsara jarrabawa, a yanke hukuncin abin da yake daidai. In muka bar ma'aunin a hannun masu ganin aron Ingilishi tsarki, aron Faransanci ƙazanta, za mu koya wa ƴaƴanmu jin kunyar harshen uwayensu da sunan kare shi.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyinmu na Ƙonni da Malbaza da Illela su tattara kalmomin aro kamar yadda ake faɗarsu a kasuwa da gona da likita, kowace da ma'anarta da yankinta, a miƙa wa masu tsara ƙamus. Malami kuma in ya ga biro a takarda, ya rubuta a gefe cewa a Nijeriya ofis ake cewa, ya bar wa yarinya makinta.